Furen da Iya ta dafa

Daga Babban Alƙali, zuwa ga Hajiya Balaraba a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya maigida da yara, yaya jikin Ummi?

Bayan haka, an kawo ƙara gabanmu, kuma ranmu ya ɓaci ƙwarai. Ɗan furen dajin nan da kika ciro daga fadama, kika dasa a fasasshiyar tukunya, kika bar wa ƙaninki amana, an yi masa ta'asa. Wata biyar yana ba shi ruwa, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ran Talata yana gonar masara, kakarku Iya ta ɗanɗana ganyen ta ji ɗaci, ta tumɓuke, ta dafa, ta shanye! Da ya yi magana sai ta ce, "Mijin banza, ga magani a gida ka bar ni da ciwon gwiwa?"

Saura tsiro ɗaya, shi ma ta sa masa ido. Ki kira ta yau, maganarki kaɗai take ji.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Yaya, ba wani alƙali, ni ne Sabi'u. Ni na ce mata yana maganin gwiwa, da wasa. Duk da haka haushinta nake ji.