Shafi Arba'in da Ukku a Dosiyen da Ba a Taɓawa

Litinin, 15 ga Yuli 2024

Labarin da nake rubutawa ya kai shafi arba'in da ukku yau. Ramla ta kusa gaya ma Zakiru gaskiya, ni ce nake ja mata rai.

Tun da aka ba mu hutun lakwal, Gwaggo Uwale ke zuwa da ni buron ƙungiyar makiyaya, inda take sakatariya. Ina buga mata sunayen garkunan da aka yi ma allura. In ta tashi salla sai in buɗe labarina a tsohuwar ordinatar, kwamfutar nan ta lungu. Nan kaɗai yake. A gida ba ni da wurin ɓoye ko allura.

Alhamis, 18 ga Yuli

Wani Abdurrazak ya zo daga Maraɗi gyaran rezo, layin intanet ɗin buro. Kullum aka turo sabon gyaran manhaja, ordinatar bakwai ɗin da ke buro sai su rufar ma layi lokaci guda, komi ya tsaya, rassan Bader Goula da Adjekoria da Tagriss su kasa aiko lissafin allura.

Ya ce ma Gwaggo, "Hajiya, guga ɗaya gare ku, mutum bakwai na jan igiya. Ɗaya za ta riƙa ja a hankali, saura su sha a kwami."

Tawa ya zaɓa. Ya buɗe wani dosiye a ciki, ya ce kada wanda ya taɓa shi, sauran tarkace kuma gobe zai share. Da ya fita sai na kwashe labarina na cusa can ciki. Na ga ai nan ne ba mai leƙawa.

Hular motonsa shuɗiya ce. Na ba Zakiru irinta a shafi na 40. Don launin kawai.

Talata, 23 ga Yuli

Ashe duk abin da ke cikin dosiyen nan rarraba shi ake yi zuwa rassa. Kaɗan-kaɗan, lokacin da ba a aiki da layi. Kwana biyar Ramla tana tafiya ƙauye-ƙauye ban sani ba.

Mahamman na Bader Goula ya kira, Gwaggo ta saki muryar wayar kowa na ji, tana rubutu. "Hajiya, wannan sabon gyaran da kuka turo, na zuciya ne? Ji nan: ya tuɓe shuɗiyar hularsa, iska ta tsaya..." Ana dariya a bayansa. Mutum ukku aƙalla.

Sunana na shafin farko. Hamdiya Sha'ibu. Har da ado na yi mashi.

Laraba, 24 ga Yuli

Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ɗiyar nan, a buron mutane?" Shi ke nan. Da ta mare ni ya fi.

Abdurrazak ya shigo ordinatar tun daga Maraɗi, ina kallon kibiyar na yawo ita kaɗai. A waya ya ce kada a damu, bai ci layi ba, bai kai nauyin hoto guda ba. Wata biyu ina rubutawa. Bai kai hoto guda ba.

Ya goge, har da na cikin ordinatar tawa. Ya ce umarnin gogewa zai bi shi duk inda ya je. Gwaggo ta dube ni, ko zan ce wani abu. Da ma na ce a rage mani kwafi ɗaya.

Ban sani ba ko ya karanta shafi na 40.

Asabar, 27 ga Yuli

Ban karanta komi ba yau. Littattafan da na aro ma haushi suke ba ni.

Talata, 30 ga Yuli

Na ji Gwaggo na cewa iskar hadari ta kada eriyar Tagriss tun ranar 22. Wato labarin ya isa can, umarnin gogewa bai isa ba. Ramla na raye a ordinatar guda, gaban wata Zalika da ban taɓa gani ba.

Lambarta na manne a bango. Kira ɗaya ne: Yaya Zalika, ki fitar mani da shi daga dosiyen. Sau biyu na ɗauki wayar buro. Sai in ji muryar Mahamman.

Alhamis, 1 ga Agusta

Gobe zan kira.

Juma'a, 2 ga Agusta

An tada eriya da safe. Lissafin Tagriss ya shigo ƙarfe goma, Gwaggo ta ce alhamdu lillahi.

Laraba, 7 ga Agusta

Direban ƙungiya ya kawo ambulan daga Tagriss, Gwaggo ta aje mani a kan tebur ba ta dube ni ba. Kaye ne, littafin rubutu na 'yan lakwal, rubutun bik shuɗi. Labarina, da hannun wata, shafi goma sha ɗaya. Ya tsaya a tsakiyar magana: "Ramla ta ɗaga ido ta"

A ƙasa: "Ƙanwata, ba mu da injin bugawa, ina ta kwafa don in karanta ma mata a gida. Ina nan daidai ya ɓace a gabana. Ban kai ƙarshe ba. Ta gaya mashi?"

Talatin da biyu sun tafi. Na gwada tunowa, ba su zuwa yadda suke.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ba zan sake rubutu ba, na gama da wannan. Jimlar nan ce dai ke damuna a buɗe, sai na rufe ta. Akwai sauran fararen shafuka a kayen. Zakiru yanzu da raƙumi yake zuwa.