Umma, Abba Ya Karɓi Haihuwar Saniya a Mambila

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ni'ima da yalwar makwanci. Na san ba hannunki za ta shiga ba. Amma na dawo daga tafiya da labari, kuma tun ina ƙarama ke nake fara kai wa labari kafin in cire takalmi.

Umma, kin san yadda kika bar Abba. A shekara biyun nan, daga ɗaki sai baranda, daga baranda sai masallacin ƙofar gida. Abokansa na Nassarawa sun yi ta zuwa ɗaukarsa ɗaurin aure har suka gaji. Abinci cokali uku ne ya ture. Likitansa ya kira ni gefe ya ce magani ya yi iyakar nasa, mutumin nan yana bukatar ya ga wani abu ban da katangar gidansa.

Sai muka haɗa baki da Yaya Kabiru, ya ɗauko hutu daga ofishinsu na Abuja. Na ce wa Abba ni ce nake son ganin tsaunin Mambila, amma Yaya bai san hanya ba. Kin tuna Abba ya taɓa yin wata biyu a can, yana aikin allurar shanu, kafin a haife ni. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kabiru ai ko Wudil sai an yi masa kwatance." Washegari na tarar ya fito da hular sanyinsa ya ajiye a kan gado.

Kwana biyu muka yi a hanya. Da muka wuce Serti aka fara hawa, sai na gane dalilin da ya sa mutane suke yin shiru in an ambaci wannan hanya. Lanƙwasa bayan lanƙwasa, dutse a dama, rami a hagu, kunnuwana suka toshe. Ni ina ta salati a baya, Yaya ya riƙe sitiyari da hannu biyu, gumi na zuba duk da sanyin. Abba kuwa ya sauke gilashi ya leƙa da kansa waje kamar wanda ke neman wani da ya sani.

Da muka ƙarasa sama, Umma, sai ƙasa ta buɗe. Tudu bayan tudu, duk kore shar, babu ƙarshensu. Gajimare yana wucewa ta gaban mota, ƙasa-ƙasa, har ka miƙa hannu ka ji damshinsa. Jajayen shanu masu dogon ƙaho sun bazu ko'ina. Iska tana ƙamshin itacen turare. Na tuna yadda kike fama da zafin Kano a watan bazara, kina yawo da mafici daga ɗaki zuwa ɗaki, sai na yi dariya ni kaɗai.

A Gembu muka sauka. Ruwan alwala sai an dafa, bargo biyu-biyu. Na sa safa da rigar sanyi har biyu, ga mayafi a kai, Yaya ya ɗauke ni hoto ya tura wa maigidana. Mun je gonar shayi ta Kakara, inda ganyen ya yi layi-layi a jikin tudu kamar kitso. Mun shiga kasuwar Nguroje na sayi zuma da fiya manya-manya. Abba yana bin mu a hankali da sandarsa. Yana kallo, yana gyaɗa kai, amma har yanzu maganarsa ba ta wuce biyu.

Rana ta uku da hantsi muka tsaya a gefen hanya don ɗaukar hoto. Can ƙasa kaɗan akwai wata ruga, muka hango mutane sun yi da'ira. Sai wata saniya ta yi kuka. Ni kukan saniya kawai na ji. Abba kuwa ya tsaya cak, ya saurara, da ta sake yi sai ya ce, "Wannan ta daɗe tana naƙuda." Kafin in ce wani abu ya kama gangara.

Na bi shi ina tuna masa hawan jininsa, ina tuna masa shekarunsa saba'in da huɗu. Ko waiwaye bai yi ba. A nan maganarki ta faɗo mini, da kike cewa, "Abbanku in ya ga saniya, mantawa yake yi yana da iyali."

Mai shanun wani dattijo ne, Malam Buba. Ya ce tun asuba take fama, ƙafa ɗaya ta leƙo, sauran ya ƙi fitowa, har ya aika a ɗauko wuƙa don kada ta tafi a banza. Ita ce saniyar da matarsa, Inna Dija, take tatsa. Inna Dija tana tsaye a gefe ta rufe baki da gefen zane. Abba ya yi musu sallama, sai na ji ya juya harshe zuwa Fulatanci, tiryan-tiryan, ba ko tuntuɓe. Umma, kin san ya iya haka? Ni iyakar abin da na taɓa ji a bakinsa gaisuwa ce.

Ya tuɓe babbar riga ya miƙa mini, da agogo, da sanda. Ya nemi ruwan ɗumi da sabulu da igiya. Ya durƙusa a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya sa hannu cikin saniyar har kafaɗa. Ya ce ɗayar ƙafar ta naɗe baya, sai ya tura ɗan ciki kafin ya miƙe ta. Duk sanda saniyar ta yi yunƙuri sai ta matse masa hannu, in ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ina riƙe da kwalbar maganinsa a cikin jaka. Sau biyu na buɗe baki zan ce ya bari. Fuskarsa ce ta hana ni. Rabon da in ga idonsa a buɗe haka tun kina nan.

Da ya samu ƙafar ya ɗaura igiya, sai ƙarfinsa ya ƙare. Ya zauna daɓas yana haki, ya ɗaga kai ya ce, "Kabiru, zo ka ja." Yaya Kabirunki, wanda ko ragon layya ba ya iya riƙewa, cikin farar shadda mai sitaci. Ya dube ni, na kawar da kai. Ya kama igiya tare da Malam Buba, Abba yana ba su umarni: ku dakata, yanzu, ƙasa-ƙasa, ku dakata. A ja na huɗu maraƙa ta sulluɓo gaba ɗaya, Yaya ya yi zaman dirshan a cikin kashin shanu.

Ba wanda ya yi dariya a lokacin, don maraƙar ba ta motsi. Abba ya rarrafa wurinta, ya share mata majina da yatsunsa, ya murza ƙirjinta da ciyawa, ya ɗauki tsinke ya sosa mata cikin hanci. Shiru. Ya sake. Sai ta yi atishawa, ta girgiza kunne. Inna Dija ta saki guɗa, uwar ta juyo da kai ta fara lasar 'yarta.

Sannan Abba ya dubi Yaya, ya dubi shaddar, ya fashe da dariya. Irin dariyar nan tasa da take ƙarewa da tari, wadda kike cewa maƙwabta suna ji har Badawa. Ya yi ta yi har hawaye. Ni ma na yi, amma nawa hawayen ya riga dariyar zuwa.

Ba su bar mu mun tafi ba. Aka shimfiɗa tabarma, Inna Dija ta kawo kindirmo da tuwon masara da man shanu. Abba ya cinye kwanonsa ya nemi ƙari. Shi da Malam Buba suka yi ta hirar cututtukan shanu na da da na yanzu har azahar, suka yi salla tare a kan ciyawa. Malam Buba ya ce sunan maraƙar Likita, ko da mace ce.

Ranar da za mu sauko, Abba ya sa Yaya ya tsaya a bakin gangara, inda ake hango kwari gaba ɗaya. Muka fito. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, ba tare da ya dube mu ba, "Sau uku uwarku tana cewa in kawo ta nan. Kullum sai in ce baɗi." Ya ɗaga hannu ya yi miki addu'a mai tsawo, muka shafa. Da ya gama sai ya ce mini, "Bilkisu, ki duba da kyau. Ke ce mai ba ta labari."

To na duba, Umma. Rana ta fito ta bayan tudu, rabin kwarin haske, rabin inuwa. Gajimare yana kwance a ƙasa da ƙafafunmu, fari tas. Wani siririn ruwa yana gangarowa daga dutse, daga nesa ba a jin ƙararsa. Sanyin irin wanda kike so ne. Abba yana tsaye a gefena, ya bar sandarsa a mota.

Allah Ya jiƙan ki, Umma, Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya makwancinki. Ya ba ki lambunan da suka fi waɗannan tuddai kyau nesa ba kusa ba. Ya ƙara wa Abba lafiya da kwana masu albarka, Ya tara mu da ke a Aljannar Firdausi. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Bilkisu
Nassarawa, Kano