Zumar da Rakiya Ta Aiko

Funtua, 3 ga Yuni, 1984

Ƙanena Sada,

Gaisuwa mai yawa, ya damina? Jibo direba ya ce ya ga Baba a gona, kunya ɗaya ba ya kai ta ƙarshe sai ya zauna yana haki. Babanmu da ke jan gaban 'yan gayya! Kai kuwa ka zuba ido, ko takarda babu? Ga galan na zuma nan, ta garin Maska ce, ba haɗi. Safe da yamma a dama masa da citta, ƙirji zai buɗe. Haka Gwaggo take mana muna yara. Kada ka yi mini sakacin nan naka.

Yayarka, Rakiya

Kafur, 20 ga Agusta

Yaya Rakiya,

Bayan gaisuwa da ladabi. Baba ya yanke jiki ya faɗi, mun kai shi asibiti a Malumfashi. Likita ya ba shi wani bututu ya hura, ko rabin yadda ake so bai kai ba. Muka ce tarin fuka ne? Ya ce a'a, ciwon sukari ne irin na manya, ya daɗe a jikinsa har ya raunana huhu. Yaya, ina sukari ina huhu? Ban taɓa ji ba. Ya tambayi abin da muke ba shi, na ce zuma, wata biyu ba fashi. Sai ya ajiye biro ya tsura mini ido. Ya ce ita ta ƙara hura wutar ciwon.

Ki huta lafiya. Ƙanenki, Sada

Funtua, 22 ga Agusta

Sada,

Ya mai jiki? Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ni? Da hannuna fa na tace zumar nan. Ran Juma'a ina tafe. Kada ka roƙar mini gafara, da bakina zan roƙa.

Allah ya ba shi lafiya. Rakiya

Kafur, 23 ga Agusta

Yaya,

Sai haƙuri. Kada ki biya asibiti, ki wuto gida. Baba ya cika jiya, an kai shi makwancinsa. Kafin nan ya kama hannuna, da ƙyar maganar ke fita, ya ce kada kowa ya gaya wa Rakiya zancen zumar nan. Na ce to. Na kasa gaya masa takarda ta riga ta tafi.

Allah ya kawo ki lafiya. Sada