Sunan da ke Cikin Ayarin Fatake

Al-Badi'a, Riyadh
Asabar

Zuwa ga Yaya Ghazali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Anti Munirat da yara. Mu ma lafiya, sai godiyar Allah.

Yaya, na san tun rasuwar ƙaninka, Baban Ummi, ba mu jitu ba. Ka ce in tattara in koma Gusau da yarinya, na ce aikina na asibiti yana nan, iƙamata, takardar izinin zamana, ba ta ƙare ba. Na kira ka sau huɗu ba ka ɗauka ba, shi ya sa na rubuto ta imel.

Na ga sanarwa za a faɗaɗa filin wasa na Fanus, za a rushe Ayarin Fatake a kafa gidan dodannin ƙarfe na wani fim ɗin Turawa. Na ga sunanka cikin injiniyoyin aikin. Ayarin nan ba wani abu ba ne, 'yan kekuna ne masu siffar raƙumi da ke bi ta cikin rami mai taurarin ƙwan lantarki. Amma shekara takwas ƙaninka yana kula da wutarsa, kuma duk Juma'a bayan la'asar can nake kai Ummi.

Akwai zauren masoyan Fanus a waya, mun haura dubu goma, har da Larabawa da Indiyawa. Kullum faɗa ake. Wasu na cewa fili mai fitilu da dabino me ya haɗa shi da dodon ƙarfe, wasu na cewa mu tsofaffi ne, mu tafi gidan tarihi. Ni dai na sa hannu a takardar roƙo.

Don Allah, don Annabi, ka sa baki a bar shi.

Ƙanwarka,
Turai

*

Ofishin aiki, Fanus
Litinin

Turai,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso. Muna lafiya. A shafa mini kan Ummi.

Ba ƙin ɗaukar waya nake ba, a wurin aiki ake karɓe ta. To, wani lokacin kuma ƙi nake.

Batun Ayari, ki cire rai. Kekuna arba'in ne, a ranar hutu da ƙyar goma ke cika. Yaran yanzu fim suka sani, da shi suke kwana da shi suke tashi, har 'ya'yana. Masu cewa bai dace da Fanus ba, ina suke lokacin da raƙuman ke zagawa babu kowa? Son baki ne kawai. Na leƙa zauren naku, na ga wani ya rubuta shafi uku a kan launin fentin ƙofa. Mutum da gemunsa!

Ni ban taɓa hawa abin ba, kuma ba ni na yanke hukunci ba. Kwamiti zai zauna Talata ta sama don a ji koken mutane, amma zaman cika ƙa'ida ne. Ummi shekararta bakwai, za ta so sabon fiye da tsohon. Ki daina ɗora wa yarinya makokinki.

Wassalam,
Ghazali

*

Al-Badi'a
Talata

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Maganarka ta ƙarshe ta yi mini zafi, sai da na shiga ɗakin magani na yi kuka na fito. Tunda haka ne, bari in faɗi abin da kunya ta hana ni.

A tsakiyar ramin, inda taurari suka fi yawa, akwai murya da ke fitowa daga lasifika, wai madugun fatake daga ƙasar baƙaƙe. Muryar ƙaninka ce. Lokacin da ake gyara, mudir ɗinsu, wato manajan wurin, ya ce ana son harshen Afirka, ya faɗi ko me ya ga dama, ba mai ganewa. Ummi tana wata biyar a lokacin.

Ka san sunan Hajiyarku aka sa mata. Ka san shi da kunya: ga 'yar fari, ga sunan uwa. Har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunanta a gida ba, sai Ummi, ko "yarinyar nan". Ko a asibiti aka tambaye shi, miƙa musu katin yake yi. Amma da ya ga ba Bahaushe a ɗakin ɗaukar murya, sai ya ja murya kamar mai waƙa ya ce:

"Surayya, Surayya, zauna da kyau, Baba yana nan."

Ka yafe mini da na rubuta sunan.

Larabawan zaurenmu sun ɗauka tauraron nan ne da suke kira Surayya. Sun ce tsohuwar waƙar fatake ce ta neman hanya a sahara, har wani malami ya yi bidiyo yana fassara ta, ya ce "Baba" ƙofa ce. Da wannan waƙar suke kare Ayari, wai kayan tarihi ne. Ni kuwa na yi gum. Ba ƙarya na yi ba, amma ban gyara ba.

Yaya, Ummi Larabci ne a bakinta. In na yi mata Hausa, da Larabci take amsawa. Amma in muka iso wurin nan sai ta miƙe zaune ta ce, "Na'am, Baba." Na gwada ɗauka a waya ya fi sau talatin, ƙarar ƙafafun keke da kiɗa da ihun yara sun danne rabin sunan. Wayarsa kuma ta farfashe a hatsarin da ya yi ajalinsa. Ba ni da muryarsa a ko'ina.

Ba makokina ba ne. In aka rushe wurin nan, uban yarinyar ya sake mutuwa, kuma ni ce zan faɗa mata. Ban san ta ina zan fara ba. Ka taimake ni.

Turai

*

Fanus
Alhamis

Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Jiya da azahar na hau. Ni kaɗai a keke na goma sha biyu, da hular aiki a kaina. Na zaga sau uku. Mai kula da ƙofa ya tambaye ni ko ƙura ce ta shiga idona, na ce masa e.

Ki yi haƙuri da abin da na rubuta.

Ga gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Ayari ba zai tsira ba, ko da waƙa ko babu. An riga an yi odar ƙarafan sabon gini. Bayan zaman Talata za a kwashe na'urorin a kai sito a Al-Sulay, can ake goge su a sayar.

Na je wurin lauyan kamfani. Ya ce in waƙar gargajiya ce, kamar yadda 'yan zaurenku suka cika duniya da shi, to kayan kamfani ce, ba a ba kowa. In kuwa maganar ma'aikaci ce ga iyalinsa, magada na iya nema a ba su. Sai dai dole wani mai jin harshen ya tsaya gaban kwamiti, ya maimaita kalmomin da bakinsa, ya fassara, ya sa hannu. Zaman a buɗe yake, mutanen zaurenku za su cika wurin.

Kin ga inda abin yake. In an faɗa, hujjarsu ta rushe a bainar jama'a, kuma za su san kin sani. Ke ce mai zaɓi.

Ghazali

*

Al-Badi'a
Lahadi

Yaya,

Ina gaisuwa. Kwana uku ina juya maganar, abinci ma ya ƙi shiga.

Mutanen nan ba su yi mini komai ba sai alheri. Akwai wata tsohuwa, Ummu Nu'uman, a keken guragu ake kawo ta, ita ta buga riguna masu hoton tauraron, ta ba Ummi ɗaya kyauta. Jiya na je gidanta na faɗa mata komai. Ta ce, "Halas, shi ke nan, tafi." Ko gahawa ba ta ce a zuba mini ba. Da yamma aka cire ni daga zauren.

Na rasa su, Ayari ma zai tafi. In muryar ta kuɓuce kuma, ban san me ya rage ba.

A faɗa. Amma ga wata matsalar: na nemi hutun Talata an hana ni, mu biyu ne kawai a ɗakin haihuwa. Na roƙi shugabarmu har na durƙusa. Na kira Malam Sharif na ofishin jakadanci, ya tafi Abuja. Saura kai. Na san abin da nake roƙo. Shekara goma sha ɗaya ina cikin gidanku ban taɓa jin sunan nan a bakinka ba, kuma ga shi zan sa ka faɗa a lasifika gaban baƙi da iyayen gidanka. In ba za ka iya ba, ba zan riƙe ka a zuciya ba. Amma ba ni da kowa.

Ƙanwarka,
Turai

*

Fanus
Talata, bayan la'asar

Maman Ummi,

Salamu alaikum. Na faɗa. Sau biyu, don na farko bai fita ba.

An yi hayaniya, wasu sun fice. Tsohuwar mai keken guragu ce ta buga sandarta ta ce a ba marainiya kayanta. An ba ni faifan muryar. Ayari zai rufe ranar Lahadi.

Abin da aka ɗauka ya fi wanda ake sakawa tsawo. Bayan ya gama, ana jin dariyarsa, sai ya ce, "Kai, in Yaya ya ji wannan na shiga uku."

Juma'a zan zo in ɗauke ku, mu hau na ƙarshe. Ki gaya wa Surayya ta shirya.

Yayanku,
Ghazali