Haɗin da Na Yi wa Mercy

Litinin, 10 ga Mayu, 1999

Ƙaiƙayin 'yata Mercy ya dawo, bayan gwiwa da wuya. Yarinya 'yar shekara shida tana susa har jini. Likita ya rubuta man shafawa mai ƙarfin nan, wai sama-sama za a shafa, kwana bakwai, ban da fuska. Sai ka ce ba ni ce na yi shekara sha biyar ina aikin nas ba. Na matse shi kaf a tsohuwar kwalba, na ƙara man shafawarmu na gida kashi huɗu, na juya da cokali. Haka na ga manyanmu na yi tun ina ɗaliba. Ƙarfinsa ya ragu, ga kuma auki.

Alhamis, 13 ga Mayu

Ƙaiƙayin ya kwanta lafiya lau. Ai na faɗa.

Laraba, 19 ga Mayu

A bas na haɗu da Furera, mai haɗa magani a asibitinmu, ta taso daga Daurawa. Bakina da bai iya shiru ba, na ba ta labari ina jiran yabo. Sai cewa ta yi, "Anti Rahila, sirki fa ba ya rage masa ƙarfi yadda kike zato. In kuma man bai dace da shi ba, lalacewa yake yi. Ko mu in mun haɗa, sati biyu muke ba shi, sai a zubar."

Ji min yarinya! Ina yi wa mutane allura tana firamare. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma har na sauka a Gyaɗi-Gyaɗi maganar na cina a rai.

Lahadi, 23 ga Mayu

Ƙaiƙayin ya ɓullo wa Mercy a kumatu. Tunda sirkakke ne, na shafa mata a fuskar, safe da yamma.

Alhamis, 27 ga Mayu

Ranar Yara, Mercy ba ta je fareti ba. Ta sa farar safarta ta zauna a bakin gado. Ƙurajen kumatun sun ɗuri ruwa. Na buɗe kwalbar, ruwa-ruwa ya taso a sama, ga wani wari kaɗan. Zafin garin nan ne, na ce, na sake juyawa. Na shafa mata.

Asabar, 29 ga Mayu

Soja sun miƙa mulki. Layinmu kowa na jikin rediyo, Baban Mercy har da tafi. Ni na kasa zama, na share tsakar gida sau uku. Fuskar Mercy ta yi ɓawo rawaya, jikinta zafi rau. Ta ce in ba ta madubi, na ce ban san inda yake ba.

Baban Mercy ya ce, "Maman Mercy, haɗin nan naki, kin tabbata?" Na yi masa kaca-kaca. Tsoro nake ji, shi ke nan.

Litinin, 31 ga Mayu

Asibiti. Likita ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga, fatar kumatun kuma ta yi laushi fiye da ƙima. Ya tambayi me nake shafa mata. Sunan maganin kawai na faɗa.

A tagar karɓar magani, Furera. Ta karanta takardar, ta dubi fuskar yarinyar, ta ce, "Sannu, Mercy, za ki warke kin ji." Ni kuma ta gaishe ni kamar kullum. Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Juma'a, 4 ga Yuni

Ɓawon na faɗuwa. Tabon, likita ya ce sai mun gani. Ko "mun gani" ɗin wata nawa ne, oho.

Talata, 8 ga Yuni

Mercy ta koma makaranta, ta ja ɗankwali har kumatu. Ban hana ta ba.

Da yamma Lami maƙwabciyata ta shigo da jaririnta a baya da 'yar roba a hannu. Wuyansa ya yi ja. "Sista, ki ɗan haɗa min irin na Mercy mana, an ce hannunki na da kyau."

Na daɗe ina kallon wuyan yaron. Na rubuta mata sunan Furera a takarda, na ce ta kai shi asibiti gobe da sassafe. Ta ce, "Ke fa?" Na ce ni ban iya ba.