Gurbin Taubashina Aka Ba Ni

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi, da ku masu karatu, har da waɗanda ke tsallakawa ƙasa su fara sharhi kafin su gama karantawa. Ina gaishe ku duka. Don Allah a sakaya sunana, kuma a yi mini sassauci. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina shi, da Hausa da Faransanci, kuma nawa ya fi naku tsari. Shawara nake nema.

Ni mushe ne, wato malamin makaranta, ina koyar da fizik a wani lise, babbar sakandare ke nan, mai zaman kansa a Konni, aikin da na karɓa na wucin gadi yau shekara uku. Ina da taubashi, ɗan kawuna, zan kira shi Sahabi ko da yake ba sunansa ba ne. Tare muka yi lakwal tun daga firamare, tare muka ci bak, jarrabawar gama sakandare, tare muka tafi Yamai karatun injiniyan makanik, ɗaki ɗaya, katifa biyu, tukunya ɗaya. Kun san wasan taubasai. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, har yau dangi ba su yanke hukunci ba. Namu wasan yana da ƙa'ida guda: ba a faɗin gaskiya a karon farko. Ranar da sakamakon bak ya fito ni na riga shi zuwa, na tare shi a ƙofa na ce ya faɗi. Sai da ya zauna a ƙasa ya dafe kai sannan na ja shi na nuna masa sunansa a allo, can sama da nawa. Ƙarya ta fara, gaskiya ta biyo ta kafin mutum ya haɗiye yawu. Haka muka tashi. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya lalace.

Sahabi ya fi ni, kuma ba tawali'u nake yi ba. Mutum ne da zai tsaya yana kallon shaho a sama, kai kana ganin tsuntsu, shi yana ganin lissafin fiffike. Aikinmu na ƙarshen karatu wani ɗan jirgi ne marar matuƙi da muka ƙera don korar tsuntsayen jan-baki daga gonakin gero. Tashinsa na farko ya ƙare a rufin rumbun Kawu, Kawu ya ce tsuntsayen sun fi jirgin ladabi, su hatsi kawai suke ci, ba su fasa rufi. Tashi na biyu kuwa ya zagaya gonar ya dawo ya sauka a gabanmu lafiya lau. Shi ya yi lissafin, ni na rubuta rahoton. Shi ya sa abin ya tashi, ni na sa shi cikin jimloli masu kyau.

Daga nan muka ƙudurta sai mun yi mastar a fannin ƙera jiragen sama da na sararin samaniya. Fannin babu shi a gida, sai waje. Wanda ya taɓa haɗa dosiye na neman makaranta ya san azabar: diplom da takardun maki, kowace a kai a buga mata tambari, a fassara, a sake buga wa fassarar tambari, a bi malamai biyu ana roƙon wasiƙar shaida kamar mai neman aure, a rubuta wasiƙar dalili inda za ka bayyana wa baƙi cewa tun kana goye kake mafarkin injin jirgi. Ni na rubuta tawa, na rubuta tasa. Makarantu uku muka nema, amma zuciyarmu na kan ɗaya, mai nisa, a ƙasar sanyi, wadda ke da ɗakin da ake hura wa fiffike iska a auna yadda zai yi a sama. Bursa, wato tallafin karatu, ɗaya tak take bai wa ƴan ƙasarmu a shekara, kuma akwai iyakar shekaru. Ni ina da sauran lokaci. Sahabi kuwa takardar haihuwarsa ta ƙiyasi ce, an yi ta yana da wayo, mai rubutun ya dube shi ya ga dogo ne ya ƙara masa shekara biyu. A takarda, bana ce damarsa ta ƙarshe.

Da damina ta faɗi, ciwon ƙafar Kawu ya tashi, Sahabi ya koma ƙauyensu wajen Alela ya kama gona. Can babu rezo, wato sabis ɗin waya, sai mutum ya hau wani tudu bayan rijiya ya ɗaga waya kamar mai kiran sallah. Sai ya ba ni mel ɗinsa, wato imel, da kod ɗin sirri na shiga, ya ce ni ne ɗan birni, in riƙa duba mana.

Wata ranar Talata, tsakanin darasi biyu, ina ɗakin malamai, na buɗe nawa. An saka ni a jerin jira, ni ne na farko. Na buɗe nasa. An ɗauke shi, da bursa cikakkiya, an ba shi kwana goma ya danna ya ce ya karɓa. Wallahi murna na fara yi, wannan dai ku yarda da ni. Bayan azahar sai ga kiransa, iska na kaɗawa a wayar, ya hau tudu ke nan.

"Bawana, mi sunka ce?"

"Sun ce ka riƙe hauyarka da kyau," na ce, "ita ce jirginka."

Ina ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuciya, in kwashe da dariya in ce ƙarya nake, ubangidanka ya ce ka haɗa kaya. Kafin in kai uku layi ya yanke. Na sake kira, bai shiga ba. Na sake, bai shiga ba.

Zuwa nan ba ni da laifi, ko? Wasa ne, rezo ne. To amma daga nan fa? Kod ɗinsa na hannuna, danna abin nan bai fi buɗe ido da rufewa ba, me ya hana ni danna masa? Kabu-kabu na zuwa ƙauyensu kullum, me ya hana ni hawa? Ranar farko na ce bai dace in amsa da sunan mutum ba tare da izininsa ba, ni da na rubuta masa tarihin rayuwarsa gaba ɗaya ba tare da ya karanta ba. Rana ta biyu na ce ina tsaron jarrabawa. Ta uku na ce ruwa ya ɓata hanya. A rana ta huɗu saƙonsa ya shigo: "Allah bai yi ba. Allah Ya sa kai ka samu, bawana." Na karanta, na sa wayar a aljihu, na shiga aji. A lokacin na riga na yi lissafin da kowane ɗan aji ɗaya zai iya: gurbi ɗaya ne, ni ne na farko a jira. Ban taɓa furta shi ba ko a zuciya, amma na san amsarsa. A rana ta goma darasina shi ne dokar nan da ke cewa abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa sai wani ƙarfi ya tura shi. Na rubuta ta a allo da kyakkyawan rubutu, yara suka kwafa, babu wanda ya san misalin na tsaye a gabansu da alli a hannu.

Bayan mako biyu wasiƙata ta zo. Sun ce wani ɗan takara bai amsa ba, gurbin ya zama nawa. Wata makarantar kuma, a arewacin Afirka, ta ɗauke ni a fannin kula da gyaran jirage, rabin bursa, ba bincike, amma ana samun aiki da wuri. Yanzu an ce in zaɓa. Kun san wa ya fi kowa taya ni zaɓen? Sahabi. Bayan an gama noma na biyu ya samu aikin wucin gadi a izin, wato masana'antar siminti ta Malbaza, yana gyaran injuna. Ya yago bayan buhun siminti ya ja layi a tsakiya, makaranta ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ya jera malamansu, darussansu, abin da kowace za ta mai da ni bayan shekara biyu. Ya ce ta biyun, ta arewacin Afirka, za ta koya mini ɗaure kusoshin da wasu suka zana, ta farkon za ta koya mini zanawa, in na zaɓi ta biyun shi da kansa zai sayar da ni a kasuwar dabbobi. Mahaifiyarsa, da nake kira Inna, ta aiko mini da yaji da dakuwa a ƙullin leda tun ban tafi ba, ta ce a gaya mini in ɗaya ya tafi duka mun tafi. Ledar na nan a kan teburina, na kasa buɗewa, na kasa bayarwa.

Kada ku ce ban yi ƙoƙarin gyarawa ba, ko da yake na yi shi ne bayan na tabbata ya makara. Na rubuta wa makarantar da sunansa, na yi bayanin gona da tudu da rezo, da Faransancin da ban taɓa rubuta mai kyawunsa ba. Suka amsa cikin ladabi cewa an rufe, ya sake nema baɗi idan ya cika sharuɗɗa. Baɗi kuwa takardarsa ta ce ya tsufa. Na tambaya da sunana, in na janye wa za a ba? Suka ce na biyu a jerin jira, wani da ban sani ba. Ke nan ko na ƙi tafiya, Sahabi bai samu komai ba sai abokin zama.

Makon jiya na hau mota na tafi Malbaza da niyyar faɗa masa. Na same shi lokacin hutun rana, a rumfar mai shayi bakin hanya, kamyo-kamyo, manyan motocin kaya, na wucewa, girarsa ta yi fari da ƙurar siminti kamar tsoho. Abokan aikinsa biyu na zaune. Na jira ya ajiye kofi.

"Sahabi, kai suka ɗauka. Wasiƙarka ta zo, ni na ɓoye ta har lokaci ya wuce."

Ya dube ni, sai ya fashe da dariya har yana tari. Ya juya ga mutanen ya ce su ga irin bawan da Allah Ya haɗa shi da shi, zai tafi ƙasar Turawa amma sai ya tsaya ya yi masa tsiya ta bankwana. Su ma suka yi dariya, ɗaya ya ce ai taubashi ko a makabarta sai ya tsokane ka.

"Ba wasa nake ba," na ce.

"Haka kac ce ranar bak," in ji shi. "Sha shayinka."

Na sha. Ga abin da ya fi ci mini rai: wayata na aljihuna, wasiƙar na ciki, ban goge ta ba. Da na ciro na ɗora masa a tafin hannu, da dariyar ta tsaya. Ban ciro ba. Na zaɓi in faɗi gaskiya a wurin da na san ba za a yarda da ita ba, a gaban shaidu, don in riƙa ce wa kaina ai na faɗa. Wane irin mutum ne ke yin haka? Mai karatu, mai koyar da ƴaƴan mutane?

Da ya raka ni bakin mota ya ciro wani littafi daga jakarsa, wanda ya yi lissafin fiffiken jirginmu a ciki, bangonsa duk ya lanƙwashe. Ya ce in tafi da shi, akwai wani kuskure a shafi na ƙarshe da ya kasa ganowa, in na shiga ɗakin iskar nan in duba masa. Sannan, kamar abin da ya tuna a makare, ya ce mutanen buro, ofishin izin ɗin, sun ce ya kawo adireshin mel don za su duba dosiyensa na aikin dindindin, kuma ya manta kod ɗin da ya ba ni. Zai shigo Konni ranar Laraba, ranar kasuwa, in buɗe masa ya rubuta shi a takarda.

Yau Lahadi. Laraba zai zauna kusa da ni ya ga akwatinsa, wasiƙar ce ta uku daga sama, a samanta kuma ga amsar wadda na rubuta da sunansa. Juma'a kuma ita ce ranar ƙarshe da zan amsa wa makarantar. In na goge, na binne abin har abada, kuma na san da zarar na goge zan danna na karɓa, in tafi da littafinsa da yajin Inna in zauna a kujerarsa shekara biyu. In na bar shi ya gani, na san Sahabi, ba zai yi faɗa ba. Zai karanta sau biyu, ya ce Allah Ya kyauta, ya tashi. Kuma daga ranar zai fara kirana da sunana na yanka, cikin ladabi, kamar baƙo. Kawu da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, gida biyu ne za su ji. In na zaɓi makaranta ta biyu don in hukunta kaina, shi me ya ƙaru da shi? In na fasa duka, wa na biya?

Na saba ba yara matsala mai amsa ɗaya a bayan littafi. Wannan na juya ta ta kowane gefe, duk inda na ɓullo Sahabi na Malbaza da farar gira. Ƴan'uwa, ku da ba ku san ni ba balle ku ɗauka wasa nake, kwana uku suka rage mini. Me zan yi?