Yatsun Inna

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau. Kin tambayi aikina a ɗakin bincike. Kada ki yi dariya, fumfuna nake raino, irin wadda ke fitowa a jikin tsohon burodi. Idan ta tashi cikin duhu fara ce fat, amma da ta ga haske, kafin la'asar ta koma launin ruwan lemo. Malamata na son gano yadda fumfunar take sanin an kunna fitila. Ni nawa buɗe farantan gilashin da take ciki da rufewa, yini guda.

Sai dai kwanan nan yatsuna uku na dama suna ɗan mutuwa da safe, kamar na kwanta a kansu. Ba wani abu ba ne. Shekaranjiya dai faranti ya suɓuce mini, aikin sati biyu ya tarwatse. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta dubi hannuna ta ce, "Laraba za ki ga likitan jijiya, ni zan kai ki."

Takardar da aka ba ni in cike ta tambayi ciwon da ke cikin dangi. Yaya, ke kika yi jinyar Inna, Allah ya jiƙanta. Shekarunta nawa lokacin da yatsunta suka fara lanƙwashewa? Kada Baba ya ji. Kuma don Allah kada ki ƙara mata ko shekara ɗaya don ki kwantar mini da hankali.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Auta